Kafin Ka Ba Yaro Begila, Dubi Bakinsa

Duk wanda ya san ni a kwalejin nan ya san ina da ɗan tabo a leɓena na sama, daidai tsakiya, kamar ƙwayar shinkafa. Abokan ɗakina su kan yi mini ba'a su ce askar wanzamin garinmu ce ta zame. Ba aska ba ce, begila ce. Tun da Edita ya matsa mini in rubuta wani abu a shafin Hausa na bana, na ga gara in ba da labarin tabon nan da abin da na koya a kansa daga baya, gama da yawa cikinmu in mun fita za a ɗora mana badujalar makaranta, ko muna so ko ba mu so. Hedimasta ba ya tambaya ko ka iya. In dai ya ji ka taɓa riƙe sanda a gaban 'yan maci, shi ke nan, sai ya miƙa maka mabuɗin akwatin kayan busa.

Ina da shekara 11 aka ɗauke ni cikin masu begila na 'Yan Birged na ikilisiyarmu. Mai koya mana wani tsohon soja ne, mutumin kirki, amma bai san wata hanyar koyarwa ba sai ta bariki. Begila shida gare mu, yara kuwa mun fi goma sha biyar, sai a yi ta karɓa-karɓa. A watan Disamba muna shirin macin Kirsimeti, hunturu ya yi tsanani, leɓunan kowa sun bushe kamar ganyen dawa. Akwai wata murya ta can sama wadda ta ƙi fita mini. Na yi, na yi, ta ƙi. Sai na gane da kaina in na danna begilar a baki da ƙarfi, muryar ta kan fito. Murna ta kama ni, na yi ta dannawa har kwana huɗu. Ran na biyar ina cikin busa na ji wani abu ya tsage, na cire begila, sai ga jini cikin ƙoƙonta. Ashe haƙorina na gaba guda, wanda ya ɗan ɓantare tun wata faɗuwa da na yi daga bisa mangwaro, shi ne ya yi ta yankan leɓen ta ciki, ƙarfe kuma yana matsa shi ta waje.

Na nuna wa malaminmu. Ya duba ya ce, "Yaro, wannan ai ba kome ba ne. Sa gishiri ka ci gaba, da haka leɓe ke yin ƙwari." Na goge ƙoƙon da gefen rigata na miƙa wa na kusa da ni, shi ma ya kafa a baki. Washegari leɓena ya kumbura ya yi ruwa, sai da na yi mako uku ban iya shan kunu mai zafi ba, macin kuwa daga gefen hanya na kalle shi. Ban riƙe tsohon nan a zuci ba, abin da aka yi masa ne ya yi mana. Amma mu da a ke koya wa kiwon lafiyar yara a aji ba mu da wannan hujja.

Bari mu fara da yadda ƙarar ke fita. Begila ba ta da huda ko guda, ba ta da maɓalli, bututun tagulla ne kawai aka naɗe. Ba ita ke yin murya ba, leɓunan mai busa ne. Gwada yanzu, mai karatu. Haɗa leɓunanka ka hura iska ta tsakaninsu, kamar yadda yara ke kwaikwayon babur. Rawar nan da ka ji suna yi ita ce muryar, aikin begila ta daidaita ta, ta ƙara mata ƙarfi. A muryar ƙasa leɓunan suna buɗewa da rufewa wajen sau 230 cikin daƙiƙa guda, a ta sama kuwa, wadda ta ƙi fita mini, kusan sau 700. Mai wannan aiki wata 'yar tsoka ce da ta kewaye baki kamar zobe, ita mu ke tsuke baki da ita in za mu yi fito. Bayanta sai haƙoran gaba, su ne bangon da leɓe ke jingina a kai. Ƙoƙon da a ke kafawa a baki kuwa faɗinsa bai kai inci guda ba. Watau duk nauyin da hannu ya turo a ɗan wurin nan ya ke sauka, leɓe yana tsakanin ƙarfe da haƙori kamar yatsa a bakin ƙyaure.

Hanya biyu ce ta samun muryar sama. Ta fari, a horar da tsokar nan da numfashi a hankali, wata da watanni, har leɓe ya iya tsukewa da kansa. Ta biyu ita ce wadda na gano, a danna. Ta biyun tana biya nan take, don haka kowane yaro ya kan gano ta ba sai an koya masa ba, musamman in ya gaji ko malami yana tsawa. Amma in aka danna, jini ya kan janye daga wurin, leɓe ya mutu kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kai, yaro ba ya jin zafin da zai gargaɗe shi ya tsaya. In ya cire begila za ka ga zoben ƙoƙon ya fito a leɓensa. In ja ne, ya kuma baje cikin 'yan mintoci, ba laifi. In fari ne fat, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ya daɗe bai baje ba, ko ka juya leɓen ka ga shaidar haƙora a ciki, to, yaron nan dannawa ya ke yi, ko da muryarsa ta fi ta kowa daɗi.

Kada a ce wannan ciwon 'yan koyo ne. Louis Armstrong na Amurka, wanda a zamaninsa ba a yi mai busa turampet kamarsa ba, watau begila mai maɓalli uku, mai dannawa ne ƙwarai. Shi ne ya zo Akara a 1956, ya kuma zo Nijeriya a 1960. Leɓensa ya sha tsagewa, har wajen 1935 sai da ya ajiye busa watanni, tabon kuwa bai rabu da shi ba har ya mutu a 1971. A 1982 wani likitan fiɗa na Basalona a Sifen, Jaime Planas, ya bayyana yadda tsokar zoben nan kan tsinke wa masu busa, ya kuma sa wa ciwon laƙabin Armstrong, watau Satchmo. Wani gwanin kuma, Freddie Hubbard, leɓensa ya tsage a 1992, ya ci gaba da busa a kan rauni, cuta ta shiga, ƙarfin busarsa bai komo kamar da ba. In manya irin waɗannan ba su tsira ba, ina ga ɗan aji biyar mai busasshen leɓe?

Kowane abin busa da inda ya ke cin mai shi. A 1939 wani likitan haƙori na Amurka, Edward Strayer, ya raba kayan busa kashi huɗu bisa ga yadda baki ke kama su, namu ma kuwa sun shiga rabon nan. Masu ƙoƙo, irin begila da turampet da turombon, da kakakinmu na fada, suna tura haƙoran gaba zuwa ciki. Masu ɗan kara guda, irin kilarinet da saksafon, kansu na shiga cikin baki, haƙoran sama su ɗare a kai, leɓen ƙasa kuma a naɗe shi bisa haƙoran ƙasa. Nan haƙoran sama waje a ke tura su, bakinsu ya kan cinye, haƙoran ƙasa kuwa su yi ta yankan cikin leɓe. Masu kara biyu, irin obo na Turawa, leɓuna duka biyu a ke naɗewa bisa haƙora. Algaita danginsu ce, amma kamunta dabam, zan zo kanta. Na huɗu sarewa, ita ta fi sauƙi duka, iyaka ta Turawa mai kwanciya a haɓa ta kan kawo ƙuraje inda gumi da ƙarfe suka haɗu.

Abin da iyaye suka fi tambaya shi ne, busa ba za ta karkatar wa yaro da haƙora ba? Tambayar tana da tushe. A 1965 wani mai bincike, Engelman, ya auna nauyin da kayan busa ke saukewa a baki, ya sami masu ƙoƙo wajen giram 500, watau laba guda da ɗoriya, masu kara wajen 270, sarewa wajen 210. Wayar nan da likita ke ɗaura wa haƙora don ya daidaita su, sau da yawa turawarta ba ta kai giram 100 ba, ga shi tana kawar da haƙori daga mazauninsa. Da na karanta wannan gabana ya faɗi. Amma akwai sauran magana. Haƙori ba ƙarfi kaɗai ke kawar da shi ba, sai da daɗewa. Likitocin daidaita haƙora sun ce sai turawar ta ɗauki wajen awa shida kowace rana kafin ƙashin da ke riƙe da saiwa ya fara sakewa. Waya tana baki dare da rana, begila kuwa ɗan makaranta bai fi ya kafa ta rabin awa ba, shi ma a yanyanke. A 2012 waɗansu likitoci a Barmingam ta Ingila suka auna haƙoran makaɗa da mabusa 170 waɗanda wannan ce sana'arsu, ba su sami wani bambanci mai yawa a haƙoran gaba tsakanin masu busa da marasa busa ba, sai ɗan abin da suka gani a haƙoran gefe na masu manyan ƙoƙuna. Saboda haka in uba ya tambaye ka, kada ka tsorata shi. Yaro mai lafiyayyun haƙora cikakku, mai busa da hankali, begila ba za ta sāke masa baki ba.

Amma fa na ce cikakku, nan ne namu aikin ya ke. Haƙoran nono 20 ne, na dindindin 32. Na gaba guda takwas suna fitowa tsakanin shekara 6 da 9, kuma fitowar haƙori ba ita ce gamawarsa ba, gama saiwarsa ta kan ɗauki wajen shekara uku tana girma cikin ƙashi bayan an ga kansa a waje. Watau haƙoran sama na tsakiya, waɗanda ƙoƙon begila ke hawa, ba su gama kafuwa sai yaro ya kai wajen shekara 10, fiƙoƙin sama kuwa sai 11 ko 12 su ke fitowa. Na san jama'a suna son ganin ɗan mitsitsin yaro da begila ran macin 27 ga Mayu ko na 1 ga Oktoba, mata su yi guɗa, manya su liƙa masa kuɗi, Hedimasta ya yi ta murmushi. Ni dai a ganina ɗan shekara 7 ko 8, mai giɓi a gaba ko mai haƙori yana girgiɗi, ganga ta fi dacewa da shi. Ba shi da bangon da leɓe zai jingina, sai ya koyi karkatar da ƙoƙon gefe guda, halin kuwa ya bi shi har girma. Duba kuma ɓantararren haƙori irin nawa, ko wanda ya juya kaifinsa ya fuskanci leɓe. Likitan haƙori zai goge kaifin nan cikin 'yan mintoci. Da an yi mini haka da ban sami abin rubutawa yau ba.

Hutun da ya wuce na sauka wajen kawuna a wani gari mai fada, ya kai ni gidan wani tsoho wanda ya yi wa sarakuna busar algaita tun yana saurayi. Na daɗe ina mamakin yadda mai algaita ke busa ba yankewa, kamar ba ya numfashi. Tsohon ya ɗauko tasa ya nuna mini. Ɗan karan da ke yin muryar cikin baki ya ke shigewa duka, leɓuna ba su kama shi, sai su jingina ga wani ɗan faifan ƙarfe da ke bayansa. Kumatu su ne zugazugi. Ya kan cika su da iska, sa'an nan yana matso ta da kumatun yana kuma jan sabuwa ta hanci a lokaci guda. Ya ce da kara da ƙwaryar ruwa ubansa ya koya masa, ya yi ta hurawa, kada kumfa ta tsaya. Na dubi fuskarsa, kumatunsa sun saki sun zubo kamar jakar da aka juye.

Tsokar kunci a littattafan likita sunanta na Latin daga kalmar mai busa ƙaho aka samo shi, watau tun da can an san aikinta. Girkawan dā masu busa wani abu mai kama da algaita har ɗaurin fata su kan yi, ya bi ta baki ya kewaya ƙeya, ya tallafi kumatu. Wanda ya taɓa ganin hoton Dizzy Gillespie na Amurka yana busa ya ga iyakar inda kunci ke iya kaiwa. Tsoka in ta saba da miƙewa haka shekara da shekaru ba ta komawa, ko da shi ke wannan kaɗai ba cuta ba ce. Abin lura wani ne dabam. A cikin kunci, daura da turmi na biyu na sama, akwai 'yar ƙofa inda yawu ke fitowa daga wata jaka da ke gaban kunne. In iska ta yi yawa cikin buɗaɗɗun kumatu, ta kan bi ƙofar nan da baya ta shiga jakar. Sai gaban kunne ya kumbura, in ka taɓa ka ji yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin fata, in ka matsa yawu mai kumfa ya fito. Masu hura kwalabe a masana'anta ma ta kan same su. Mai gani sai ya ce hangum ne, amma wannan bayan busa ya ke zuwa, ba zazzaɓi, ya kan kuma sace da kansa. In yana yawan komowa, ko ya yi zafi da ja, a je asibiti, gama iskar ta kan tafi da ƙwayoyin cuta na baki. Mai algaita ba shi da zaɓi, da kumatu a ke busa ta. Mai begila kuwa ba ya bukatar cika kumatu ko kaɗan, in ka ga yaro yana yi ka hana shi tun ran fari.

Na ce wa tsohon, "Baba, ko za ka ɗan busa mini in ji?" Ya yi dariya ya buɗe baki, sai na ga sama ba haƙorin gaba ko guda. Ya ce, "Ɗana, faifan nan a kan me zai zauna?" Ya ce dasashinsa ne ya fara jini, haƙoran suka yi ta girgiɗi, shi kuwa bai fasa zuwa fada ba, har suka zube ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ɗansa ke busa, shi sai rakiya. Ban ce algaita ce ta zubar masa da haƙora ba. Cutar dasashi ce ke cin ƙashin da ke riƙe da saiwa, tana samun wanda bai taɓa busa ba ma, tushenta dattin da ke taruwa a gindin haƙori in ba a goge shi da asawaki ko buroshi. Amma haƙorin da ƙashinsa ya ragu ba ya jimre turawar da lafiyayye ke jimrewa. Haka ya faru ga Bunk Johnson, wani tsohon mai busa na Niyu Olins a Amurka, shi kuwa a wata rigima ya rasa haƙoran gaba a 1931, ya koma aikin ƙarfi. Sai da masu son busarsa suka tara kuɗi, wani likita mai suna Leonard Bechet ya yi masa haƙoran roba, sa'an nan ya komo har aka ɗauki busarsa a faifai a 1942. Likitocin da suka kula da bakin mabusa, irin su Maurice Porter na Landan wanda ya fitar da littafi a kan wannan a 1967, sun nuna ko ɗan canji kaɗan a siffar haƙorin gaba ya kan ɓata wa gwani busa. Don haka a kan shawarci mai wannan sana'a ya sa a ɗauki zubin haƙoransa tun suna lafiya ya ajiye, ran da tsautsayi ya zo likita ya sami abin bi.

Sai muƙamuƙi. Sa yatsa a gaban kunnenka, ka buɗe baki ka rufe. Abin da ka ji yana motsi gaɓar muƙamuƙi ce, da ɗan guringuntsi a tsakaninta mai zamewa gaba da baya. Yawancin mutane haƙoransu na sama sun ɗan sha gaban na ƙasa. Mai begila kuwa yana so su zo daidai don ƙoƙon ya zauna, sai ya turo haɓa gaba ya riƙe ta nan muddin yana busa. Yaro mai gajeriyar haɓa shi ya fi shan wahala. Mu kuma mu kan daɗa masa, gama a filin maci muna so begila duka su miƙe sambal a layi ɗaya don kyan gani. Ni na bar wannan. Gara begilar yaro ta ɗan sunkuya ƙasa ta bi yadda haƙoransa su ke, da ya yi awa guda yana murɗa gaɓarsa don alƙalin maci ya ba mu maki. Ciwon gaɓar nan ba na mabusa kaɗai ba ne, mai cizon haƙora cikin barci da mai damuwar jarrabawa ma suna samunsa, kuma ƙarar ƙas-ƙas in ba zafi ba abin tsoro ba ce. Amma in yaro ya ce tauna tana gajiyar da shi, ko gefen kansa na ciwo bayan busa, ko bakinsa ya kasa ɗaukar yatsunsa uku a tsaye, a hutar da shi mako guda ko biyu, a gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ya bar cingam da rake da ƙashi. In bai sake ba, likita.

Yanzu laifina na biyu ran nan, miƙa begila mai jini ga ɗan'uwana. Ƙurajen nan da kan fito a gefen leɓe bayan zazzaɓi wata ƙwayar cuta ce ke kawo su, wadda in ta shiga jiki ba ta fita, sai ta kwanta cikin jijiya ta riƙa tashi lokaci lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ba su kai shekara 50 ba suna ɗauke da ita. Ta yawu da ruwan ƙurjin ta ke bi, tsagaggen leɓe kuwa buɗaɗɗiyar ƙofa ce. Mura da hangum da ciwon maƙogwaro duk yawu na ɗauke da su. Gefen riga ba ya wanke kome. In makaranta ba ta iya sayen begila ga kowane yaro, ƙoƙon ai cirewa a ke yi, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na begila ba. Kowa ya sami nasa, ya ƙulle a hankici, ya wanke da ruwan ɗumi da sabulu da ɗan buroshi. Wanda rufinsa na azurfa ya kware har tagulla ta bayyana a jefar, gama akan sami dalma a cikin tagullar, waɗansu yara kuma fatarsu ba ta shiri da ƙarfen, leɓe ya yi ta ƙaiƙayi da sāɓa. Cikin bututun ma a riƙa ɗauraye shi. A 2016 likitoci a Mancesta suka ba da labarin wani mutum mai shekara 61, mai busa algaitar Sikotlan mai jaka, wanda ya yi shekara bakwai yana tari da haki. Da ya tafi Ostareliya wata uku ba tare da ita ba ya sami sauƙi, da ya komo ya ci gaba ciwo ya dawo, har ya mutu. Da aka bincika cikin algaitar sai ga fumfuna iri iri. Yaron da ya sha alewa ko lemon kwalba, ko babba mai goro a baki, ya kurkure kafin ya busa. Da hunturu kuwa a shafa man kaɗanya da dare da bayan busa, a hana su lasar leɓe, gama lasa daɗa busar da shi ta ke yi.

Abu guda kuma wanda na roƙi kowane malami ya haddace. A maci yaro yana tafe da ƙarfe a bisa haƙoransa, in na gabansa ya tsaya farat ɗaya, ko shi ya yi tuntuɓe, haƙori na iya fita ɗungum. In na dindindin ne, a ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a kankare. In ya yi ƙasa a ɗauraye shi kaɗan, a mayar da shi raminsa nan take, yaro ya ciji hankici. In ba a iya ba, a jefa shi cikin madara, ba ruwa ba, ba takarda ba, a ruga wajen likitan haƙori, cikin awa guda in da hali. Haƙorin nono kuwa ba a mayar da shi, don kada a ɓata na ƙarƙashinsa. Saboda wannan na kan bar taku biyu tsakanin layin begila da layin da ke gabansu.

A koyarwar gwaji ta zangon da ya wuce, makarantar da aka tura ni aka ba ni badujala, kamar yadda na faɗa. Ran fari ban bar kowa ya taɓa akwatin ba. Na jera su ƙarƙashin dalbejiya, na wanke hannu, na ce kowa ya buɗe baki. Suka yi ta dariya, suna cewa sabon malam likita ne. Cikin yara 22 na sami biyu da ƙurji a leɓe, na ce su dakata sai ya warke. Guda yana da ɓantararren haƙori, na rubuta wa ubansa takarda. Uku kuwa giɓi ne a gaba, na mai da su ganga. Ɗaya cikinsu, ƙaramin duka, ya fashe da kuka, ya ce wansa da begila ya fara, shi ma begila ya ke so. Na tsuguna na ce ya nuna mini giɓin, ga kan sabon haƙori ya ɗan leƙo fari. Na ce in huɗun nan na sama sun fito sun tsaya, ya je wajen duk malamin da ke riƙe da mabuɗi ya ce na yi masa alkawari, na kuwa rubuta sunansa a cikin murfin akwatin. Ya share hawaye da bayan hannu, ya ce to, amma babbar gangar za a ba shi.